Benen Kan Fadama

Litinin, 29 ga Yuni, ƙarfe 7 na safe

Na dawo Vila, babban birni, jiya da yamma a kwalekwalen kaya, a matse tsakanin buhunan gwaza da wani alade da ya yi ta ihu tun daga tsibiri har muka iso. Na yi wanka sau biyu, har yanzu ina jin wari a jikina. Wataƙila ma ba na aladen ba ne.

Ba zan rubuta abin da ya faru a nakamal ba, dandalin da mazan ƙauyenmu suke taro. Abin da zan rubuta shi ne wannan, don kada wata rana in ce ban sani ba. Ranar 24 ga Yuli, Ranar Yara, za a buɗe sabon benen makarantar ƙauyenmu, Malasiu. Aji shida, yara ɗari da arba'in. An gina shi a kan tsohuwar fadamar da muke kamun ƙaguwa muna ƙanana, bayan an cike ta da tsakuwar teku da jar ƙasa.

Ni kuwa aikina a ofishin nan shi ne lissafin irin girgizar ƙasar da kowane tsibiri na Vanuatu zai iya fuskanta. Shekara huɗu muka yi muna haɗa sabuwar taswira. Aka tura ni gida in yi wa mutanena bayaninta. Na je, na ga inda benen yake tsaye, na yi bayanin da ba a aike ni ba.

Talata, 30 ga Yuni, ƙarfe 2 na rana

Mista Vuti, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa. Na same shi yana cin burodi da kifin gwangwani, man yana bin haɓarsa, ko gogewa bai yi ba.

"Leimara, an ce kin miƙe tsaye a nakamal."

"Na miƙe, Yallaɓai."

"Mace. Tsaye. A gaban mai gari."

"Mai garin kawuna ne."

"Ai shi ya sa abin ya fi muni! Ke wa ya aike ki duba gini? Mu taswira muke yi. Ja a nan, rawaya a can, mu naɗe mu miƙa. Kin ga an rubuta magina a ƙofar nan?"

Na ce yara ɗari da arba'in ne fa. Ya ce ya sani, shi ma yana da 'ya'ya, ya lashi yatsa. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko akwai wani abu a rubuce da ya taɓa fita daga ofishin nan game da makarantar. Na ce zan duba.

Ban duba ba. Aljihun teburina na ƙasa yana nan a rufe.

Alhamis, 2 ga Yuli, lokacin cin abincin rana

Na ce ba zan rubuta ba, amma abin ya ƙi barin kaina.

Na shimfiɗa musu taswirar a ƙasa, ina zaune a gefen mata yadda aka saba. Na nuna musu tsibirinmu, ja wur. Na ce ma'anar launin ita ce, cikin shekara hamsin masu zuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin goma a yi girgizar da za ta kai ƙarfi kaza ko ta wuce. Suka zuba mini ido. Sai bakina ya ja ni na ƙara da cewa masana kan ce kamar sau ɗaya ke nan a shekara ɗari huɗu da saba'in da biyar. Tir da wannan magana. Tir da wanda ya fara ƙirƙiro ta, da ni da na ɗauko ta na kai ƙauye.

Kawu Kalsong ya ɗauki tsinke ya yi lissafi a ƙasa.

"Babbar ta zo shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin kina aji uku kina fitsarin kwance. Saura mana ɗari huɗu da arba'in da tara. To ai 'yar nan albishir kika kawo mana!"

Maza suka fashe da dariya, har da masu tafi.

Nan na miƙe. Na ce girgiza ba jirgin ruwan Alhamis ba ce da za ta jira ranarta, tana iya zuwa gobe ta sake zuwa jibi. Na ce lambar da ke kan taswira ta ƙasa mai dutse ce, fadama kuwa ninka girgiza take yi, wani lokaci ma ta saki jiki ta koma taɓo a ƙarƙashin gini. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma sai na nuna benen da yatsa na ce kabari ne mai tagogi. Na faɗi haka a gaban mazan da suka yi shekara bakwai suna zuwa tsinkar tuffa a New Zealand cikin sanyi don a sayi siminti, da matan da suka ɗauko yashi a ka daga bakin teku.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Yau kuma haka kika ce?" Ya dafa aljihun rigarsa. Ni na fara sunkuyar da kai.

Juma'a, 3 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Ban buɗe aljihun teburin ba.

Lahadi, 5 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Mama ta kira bayan an tashi daga coci. Ba gaisuwa.

"Ranar Alhamis, jajibirin buɗewa, za ki zo ki ba kawunki haƙuri. Tabarma uku, saiwar kava babba, da farin zakara. Tabarmin ni nake saƙawa."

"Mama, da wannan hannun naki mai ciwo?"

"Da ƙafa zan saƙa? Ke dai ki zo. Ki ajiye, ya dafa, magana ta mutu."

Na san dokar, a cikinta na girma. Mai laifi ya ajiye tabarma da kava, saiwar da maza suke jiƙawa su sha a nakamal, ya faɗi laifinsa da bakinsa, idan wanda aka yi wa laifin ya ɗora tafin hannu a kai, an binne maganar ke nan. Ba mai sake tono ta, ba shi ba, ba ni ba, ba jikokinmu ba. Wato in na ba da haƙuri a kan abin da na faɗa game da benen, na ɗinke bakina da hannuna, washegari a buɗe ƙofa yara su hau sama.

Mama ta ce tun ranar ba ta zuwa famfo sai mata sun watse. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ita za a ba haƙuri ba, ta kashe waya.

Talata, 7 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Yau aka ƙaddamar da taswirarmu a wani otal. An yi kek mai siffar tsibiran ƙasar nan gaba ɗaya, an shafa masa launuka da sukari. Babban baƙo ya yi jawabi na minti arba'in, ya ce daga yau mun yi maganin girgizar ƙasa. Aka tafa. Har ni, Allah na gani, na tafa.

Wani mai otal ya ja ni gefe yana warin turare, ya ce ko ba za a ɗan sassauta jan nan ya koma ruwan lemo ba, wai yana tsorata baƙi. Na ce ya je ya roƙi ƙasa, ba ni ba.

Mista Vuti ya yanko tsibirinmu ya miƙo mini a faranti. "Ga garinku, Dakta, ci abinki." Na ce na ƙoshi. Ya cinye da kansa, jan ya ɓata masa haƙora, haka ya yi ta yi wa mutane murmushi har aka tashi. Shekara huɗu muna tattara labarin kowace girgiza tun zamanin kakanni, muna auna kowace tsagar ƙasa da ke ƙarƙashin teku, kwamfuta tana kwana tana lissafi, ƙarshenta an cinye abin da cokali mai yatsu.

Laraba, 8 ga Yuli, ƙarfe 12 na rana

Ƙasa ta ɗan motsa da ƙarfe goma da minti arba'in. Fanka ta yi lilo, shayina ya zube a kan takarda. Ba wanda ya tashi daga kujera. 'Yan ofis suka shiga gardama a kan ƙarfinta, wannan ya ce biyar da ɗigo biyu, wancan ya ce da ɗigo huɗu. Biyar da ɗigo uku ce, can ƙarƙashin teku kusa da tsibirinmu.

Toumelu ta kira. Ita ce shugabar makarantar, ƙawata tun muna yawo tsirara a bakin ruwa.

"Ke Dakta Girgiza, ke kika aiko mana ita don ki nuna kin fi mu gaskiya?"

"Kowa lafiya?"

"Lafiya lau. Fasto yana coci a kan tudu, ya ce shi ya zaci cikinsa ne yake ƙugi. Ni kuwa ina cikin benen ina jera benci, sai da na rungumi ƙofa. Tankin ruwa ya yi ta amai. Kuma Lei... Bangon matakala ya tsage. Yatsana yana shiga."

Tsakanin cocin da benen tafiyar minti biyar ce.

Asabar, 11 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Toumelu ta turo hoto. An cusa siminti a tsagar, an bi ta da fenti mai ruwan ƙwai, sumul. Kawu ne ya yi da kansa tun kafin mutane su fito. Na daɗe ina zaginsa a zuci, tsohon banza mai taurin kai, yana yi wa gawa kwalliya.

Sai na ja hoton da yatsa ya ƙara girma. Akwai abin da ban rubuta ba tun ranar farko. A goshin benen, da shuɗin fenti, kowane harafi ya kai tsayin yaro, an rubuta GININ LEIMARA. Mace ta farko daga Malasiu da ta yi digiri. Na gan shi tun ina cikin kwalekwale ranar da na isa, kafin in lura da inda aka dasa shi.

Na kife wayar a kan tebur.

Litinin, 13 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Na nemi Mista Vuti ya ba ni aron ƙaramar na'urar auna ƙasa in je gida da ita. Ya ce na'urar ba ta jin daɗi. Na ce jiya na gwada ta. Ya ce to yau ba ta jin daɗi.

Har na kai ƙofa ya kira ni. "Af, batun nan da na tambaye ki. Na duba fayil da kaina. Ban ga komai ba." Ya ƙura mini ido. "Ke ma ba ki ga komai ba. Duk abin da za ki faɗa a can, ki faɗe shi da bakinki, ba da bakin ofis ba. Idan sunan ofishin nan ya fito, ki nemi wani tebur."

Wato ya gani. Ya gani, kuma abin da ya dame shi ke nan.

Na ɗauki na'urar na rubuta a littafin fita cewa na kai ta gyara, tunda ba ta jin daɗi.

Laraba, 15 ga Yuli, ƙarfe 8 na safe

Na buɗe aljihun teburin.

Alhamis, 16 ga Yuli, ƙarfe 6 na safe

Kwafin takardar da ke ciki layi huɗu ne kacal. Zan kwafe su a nan da hannuna, don hannun ya ji.

"Zuwa ga Mai Garin Malasiu. Na duba taswirar girgizar ƙasa. Bisa lambar da ke kan ƙauyenku, gini mai hawa biyu na bulo da rodi zai tsaya lafiya. Babu matsala."

Sa hannuna, da hatimin ofis. Shekara bakwai da wata biyu.

Watana uku da fara aiki a lokacin. Hatimin sabo ne, ina ta neman abin da zan buga shi a kai. Kawu ya kira ya ce suna so su gina makaranta, amma ba zai sa bulo ɗaya ba sai 'yarsa mai ilimi ta ce a yi. Kaina ya kumbura. Na ɗora yatsa a kan ƙauyenmu a tsohuwar taswira, na karanta lamba, na rubuta, na buga hatimi. Minti goma. A gindin taswirar an rubuta da ƙananan haruffa cewa lambobin duka na ƙasa mai dutse ne. Na san wannan sarai, na ci jarrabawa a kansa a jami'a a Wellington. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: Kawu, a ina za ku gina?

Na so in rubuta cewa na zaci a kan tudu za su yi, kusa da coci. Ƙarya ne. Ban zaci komai ba. Bayan nan na koma ƙaro karatu, na dawo na shiga aikin taswira, kullum da uzurin ƙin zuwa gida, Mama ce take zuwa wurina. Ana turo mini hoton bango yana tashi, ina mayar musu da hoton babban yatsa.

Mako biyu ina ƙyamar Vuti, da mai otal, da Kawu. Ashe warin nan da nake ta yi wa wanka nawa ne.

Asabar, 18 ga Yuli, ƙarfe 3 na rana, Malasiu

Na iso jiya. Mama ta karɓi jakata ba ta dubi fuskata ba. Tabarma biyu sun ƙare, ta uku tana rabi, yatsunta sun kumbura.

Da safe muka fita da na'ura ni da Toumelu. Aikin ba wuya. A ajiye ta a ƙasa rabin awa ta saurari ɗan motsin da ƙasa take yi da kanta, kowa ya tsaya cik. Tsayawa cik ɗin ne wahala a Malasiu. Sau uku muna sakewa saboda aladen Fasto, wanda ya ɗauka abinci muka kawo masa.

A kan tudu, dutse yana nan kusa, layin da na'urar ta zana ya fito a kwance. A gindin benen kuwa laka ce ta kai mita ashirin ko fiye kafin a taɓa wani abu mai tauri. Na fara nuna wa Toumelu zanen, ta ture hannuna.

"Bar ni da zanen nan naki."

Ta ɗauko ragowar rodi mai tsayin mutum biyu, ta kafa a bayan aji, muka danna tare. Da ya huda cikon sama sai ya sulale ƙasa da kansa har ya kusa ƙwace mana. Muka zaro shi baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin fadamarmu ne, tana nan inda muka bar ta.

Toumelu ta goge hannu a zanenta. "Duk garin nan sun san takardarki, Lei. Ke kaɗai kike yi kamar ba ki san ta ba. Kin zo kin yi ihu a nakamal, to ihu da takarda mai hatimi wanne kike ga za su bi? 'Ya'yana biyu a sama za su zauna, aji biyar da aji shida. Ke ki ajiye tabarmarki ki hau kwalekwale, ni ce zan riƙa buga musu ƙararrawa kowace safiya."

Kawu yana can barandar benen yana shara. Ya ga rodin. Bai daina sharar ba.

Lahadi, 19 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

A coci Kawu ya yi addu'a Allah ya shirya waɗanda littafi ya kumbura wa kai. An ce amin da ƙarfin da ya wuce na kullum.

Bayan an tashi na bi shi gonar doya. Ya zauna a kan kututturen kwakwa, ya ciro takardar daga aljihu. An manne ta a leda, ledar ta yi laushi saboda yawan naɗewa. Sai yau na lura da hannunsa, siminti ya cinye fatar yatsun.

"Ni ban yi makaranta ba, 'yar nan. Shi ya sa na tambayi wadda ta yi. Da takardar nan na bi gida gida na ce wa maza su bar matansu su tafi ƙasar sanyi. Yanzu wacce zan bi, Leimarar takarda ko Leimarar nakamal?"

"Ta nakamal, Kawu."

"To in tashi in ce musu me? Na yi kuskure, ku yafe mini shekara bakwai? Gobe in na ce a fito gyaran hanya, wa zai ɗauki fartanya?"

"Amma ka ga tsagar."

"Na gani. Kina tsammani barci nake yi?"

Ya naɗe takardar ya mayar aljihu. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce in gaya wa uwata zakaran ya zama fari tas, ba mai ɗigo ba.

Talata, 21 ga Yuli, da hantsi

Mama tana koya mini abin da zan faɗa, kamar mai shirin karatun Kirsimeti. "Na yi magana a tsaye, na ɓata sunan gini, a yafe mini. Shi ke nan. Kar ki ƙara ko gishiri." Na maimaita mata sau uku. Ta ce muryata ta yi kama da ta mai sayar da kifin jiya.

Sai ta ce, ba ta ɗago daga saƙar ba, "Suna ɗaya gare mu a garin nan, ke ce. Ubanki bai bar mini wani ba."

A waje mata suna gurzar doya da ayaba don laplap, abincin biki, suna waƙa. Yara suna gwajin maci a gaban benen, suna buga ƙafa a kan fadama.

Laraba, 22 ga Yuli, da rana

Tabarma ta uku ta ƙare. Ta fi sauran kyau.

Alhamis, 23 ga Yuli, ƙarfe 7 na yamma

An yi.

Duk gari ya taru kafin rana ta faɗi. Na shiga a durƙushe, na shimfiɗa tabarmin a gaban Kawu, na ɗora saiwar kava, na ajiye zakara da ƙafafunsa a ɗaure. Dattijon coci ya ce mai laifi ta faɗi laifinta. Ina jin numfashin Mama a bayana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tabarma ta farko ta tsayuwar da na yi ce a inda ba a ba ni tsayuwa ba, da baƙar kalmar da na jefi aikinku da ita. Na ɗauki wannan. Sauran biyun na takardar da ke aljihunka ne. Ka yi mini tambayar kirki, na ba ka amsar banza. Ban tambaye ka wuri ba, ban zo na duba ba, minti goma na yi a kanta. Kai ba ka yi kuskure ba. Maza ba su yi ba, mata ba su yi ba. Ni na ɗora muku bene a kan laka. Idan ka dafa, takardar ta mutu, kada wani ya sake tsayawa a kanta, balle ya tsayar da yaro."

Can daga baya wani ya ce, "Minti goma!" Ya tofar da yawu. Na san muryar, shi ne wanda aka haifa wa 'ya'ya biyu yana can gonar tuffa. Wata mata ta fara kuka, ban waiwaya in ga ko Mama ce ba.

Kawu bai motsa ba. Ya daɗe har gwiwoyina suka mutu. Zakaran ya yi kashi a gefen tabarmar da ta fi kyau, ba wanda ya yi dariya. Idan ya ƙi dafawa, gobe a buɗe bene, ni kuma na zubar da kaina a banza.

Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro takardar, ya ɗora ta a kan tabarma. Ya danne ta da tafin hannun nan da siminti ya ci.

"An binne," ya ce. "Gobe yara su hau tudu."

Juma'a, 24 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Ranar Yara. Tun safe ake kwashe benci daga benen ana hawa da su coci, biyu biyu, a ka. Aji uku a ciki, aji uku a gindin mangwaro, har a ga abin da za a yi. Toumelu ta buga ƙararrawa a can sama. Ta wuce ni da allo a kafaɗa ta ce, "Matsa, Dakta, kin tare hanya," ta ɗan buge ni da gwiwar hannu. Ita kaɗai ta taɓa ni yau.

An ci laplap ɗin, tunda an riga an dafa. Ba wanda ya zage ni, doka ta hana, magana ta mutu. Suna gaishe ni da ladabi, ina kwana Dakta, sannu Dakta, su miƙo mini abinci suna kallon wani wuri. Da ma sun zage ni.

Mama ta wanke tabarmar da zakara ya ɓata kafin a kai gidan Kawu. Da safe kuma ta je famfo lokacin da mata suka fi cika.

Saƙo ya shigo daga Mista Vuti. Labari ya riga ni isa Vila. In same shi ranar Litinin, in zo da na'ura da makullin ofis.

Lahadi, 26 ga Yuli, ƙarfe 10 na safe, cikin kwalekwale

Rubutun nan zai karkace, teku ba ta kwanta ba.

Kawu ya sauko bakin ruwa, wai duba buhunan gwazarsa ya zo yi. Benen yana bayanmu, ƙofofi a ƙulle, an gicciya ganyen haramci a matakala don kada yara su shiga. Tun yanzu kaji sun mallaki baranda.

Na ce, "Kawu, akwai sauran fenti? In goge sunan kafin in tafi."

Ya waiwaya ya dubi goshin ginin, ya daɗe yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa.

"Bar shi, 'yar nan," ya ce. "Ai naki ne."

Ya taya mai kwalekwale tura mu cikin ruwa, ya juya ya kama hanyar tudu.

Haruffan manya ne, Kawu ya yi su don a gani daga nesa. Ana iya karanta su daga teku har sai an zagaye kan tsibiri. Na karanta su har muka zagaye.